Biro Uku a Littafin Awoyi

3 ga Maris

Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma idon da aka yi wa aiki ya washe. Ki riƙa ɗiga maganin a kan lokaci. Na san halinki, shekara talatin kina ba mutane shawara a asibiti, amma ke ba a isa a ba ki ba. Baba yana gaishe ki. Hawan jinin ya sauka, guiwar ce dai har yanzu ta hana shi sallah a tsaye, ya koma kan kujera yana ta mita. Ya ce in gaya wa ƙanwarsa an ƙirƙiro waya tun tuni, ta daina wahalar da mutane da takarda. Na ce masa ni takardar na fi so, don a waya minti biyu kike ba ni.

Albishirinki. Asibitin mata da yara na bayan tasha sun kira ni. Suna neman mai ba da shawara da za ta riƙa zama da matan da suka yi ɓari, ko suka rasa jariri, ko damuwa ta danne su bayan haihuwa. Har ɗakin sun nuna min: kujera biyu, fanka mai ƙara, da taga mai kallon wurin shanya. Sharaɗinsu ɗaya ne, in kawo lambar rajista ta hukumar ƙwararru kafin ƙarshen Yuni. Kin fi ni sanin hukumar ba ta yi wa kowa rajista sai wanda ya fito daga kwas ɗin da ta tantance. Namu an tantance shi shekara biyar da suka wuce, wa'adin ya cika, kwamiti zai zo ranar 22 ga Afrilu ya sabunta. Daraktan makarantarmu ya ce mu kwantar da hankalinmu, lemo kawai za su sha su sa hannu. Ni dai har na miƙa takardar ajiye aiki a firamare, ƙarshen Mayu ni da alli mun yi sallama.

Bari in ba ki dariya da abin da shirin zuwan kwamitin ya jawo. Kin san kowannenmu sai ya cika awa ɗari da hamsin yana zama da masu neman shawara, kuma bayan kowace awa takwas sai ya zauna da mai sa ido, ya baje mata abin da ya yi, ta gyara masa, ta sa hannu a littafin awoyi. Tamu mai sa idon ita ce wadda muke kira Malama Sannu, don ba ta buɗe baki sai da sannu. To tun Oktoba ɓarin jikinta na dama ya shanye, wata huɗu tana kwance. Darakta bai nemo wata ba. Ya ce mu ci gaba da ganin mutane, mu riƙa haɗuwa mu ɗalibai muna tattaunawa, in ta warke a cike gurbin. Haka muka yi, makaho yana jan makaho, rabin zaman ma hirar tsadar kaya ce.

Makon jiya ya tattara littattafanmu, mu goma sha tara, ya zuba a kwali, ya ce in raka shi gidanta tunda ni ce shugabar aji. Goggo, da biro uku ya zo, shuɗi biyu da baƙi ɗaya, wai kada tawada ta zama iri ɗaya a gane rana guda aka yi. Ni ina buɗe shafi, shi yana faɗin kwanan wata yana canza mata biro, ita kuma tana sa hannu da hagu, sa hannun kamar kaza ta bi ta kan takarda. Zama takwas-takwas kowa ya samu cikin awa biyu. A mota na ce masa ya kamata a ba shi digiri a kan biro, ya ce in ja bakina.

Aikin kansa yana tafiya. Akwai wani direban bas da na gani sau shida a lokacin sanyi, ya daina zuwa, yana ɗan tsaya min a rai. Wata rana zan ba ki labari, ba da suna ba, kada ki zare min ido.

Ki gaida mutanen gidan.

Uwarki, mai sunan tsohuwa

11 ga Maris

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta. Idon da sauƙi, sai dai hasken rana yana damuna, na koma yawo da baƙin gilashi kamar mai gudun 'yan sanda. Ki ce wa Yaya ya rage gishiri, kuma kujerar sallah ba abin kunya ba ce, wanda ya halicci guiwar ya san shekarunta.

Na yi murna da maganar asibitin, Allah ya tabbatar da alheri. Da kin tambaye ni, da na ce kada ki ajiye aikin firamare sai lamba ta shigo hannunki. Amma an riga an yi.

Ga abin da ya sa na yi saurin ba ki amsa. Daga yau kada ki ƙara rubuto min komai game da makarantarku, ko darakta, ko malamai, ko littafin awoyi. A waya ma kada ki ɗauko min zancen. Kada ki tambaye ni dalili yanzu, ba zan iya faɗa ba.

Ki kula da kanki.

Goggonki

19 ga Maris

Goggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Baba ya rage gishirin kwana biyu, ya ce abinci ya koma magani, ya koma gidan jiya.

Na karanta takardarki sau huɗu ina neman inda na yi laifi. Na kira ki ranar Lahadi, muka gaisa, ina cewa makaranta kika ce ana buga ƙofa. Gidanki da ba a buga ƙofa, kowa faɗowa yake yi.

In kunyar makarantarmu kike ji, ki faɗa min kai tsaye. Na san ba irin jami'ar da kika yi ba ce. Hawa na biyu ne a saman shagon tayoyi, ajinmu ɗaya, in ana hura taya sai malami ya dakata. Amma a nan na samu wurin da zan yi karatu da yamma bayan na tashi daga koyar da yara sittin, kuma shekara biyu ban yi fashi ba sai ranar da Baba ya faɗi a banɗaki. Ke kika sa min son aikin nan. Tun ina 'yar sakandare nake ganin yadda mata suke shiga ofishinki da fuska a murtuke su fito suna gyara ɗankwali. Ko da na fara, ke kika aiko min da littattafanki, har da wanda kika ja layi da jan biro a kowane shafi. Yanzu saura ƙiris in gama sai ki ce kada in ƙara yi miki zancen?

Na nuna wa Baba. Ya ce haka kike tun kuna yara, in abu ya ɓata miki rai sai ki rufe ƙofa ki bar mutum yana ƙirga laifukansa. Ya ce in rabu da ke za ki sauko. Ni ba zan iya rabuwa da ke ba, ba ni da wanda zan yi wa wannan hirar. Raina ya ɓaci, Goggo, kuma gara in faɗa.

In labarin biron ne ya dame ki, ai ba ni na kawo tsarin ba, shafi kawai na buɗe. Ke da bakinki kin sha cewa rabin takardun ofis don a cika kabad ake yin su.

'Yarki

2 ga Afrilu

Uwata,

Wa alaikumus salam. Ki yi haƙuri da jinkirin, sai da na jira amsa daga wani wuri kafin in sami bakin magana. Ina lafiya, suga ya ɗan hau ya sauka. Ki gaida Yaya, ki ce masa na ji abin da ya ce, kuma shi ne ya koya min rufe ƙofar.

Ba kunyar makarantarku nake ji ba. Na ga kwas a ɗaki ɗaya da ya fi na manyan gine-gine. Ga abin da ya faru.

Tun bara hukumar ta sa ni cikin masu tantance kwasa-kwasai. Mu tsofaffin da suka yi ritaya ake kira, a haɗa mutum uku a tura su. Wata ranar Litinin a watan jiya ambulan ya iso da sunan makarantar da za mu je ranar 22 ga Afrilu. Ban buɗe ba, don idona bai son ƙananan rubutu da yamma. Ranar Talata takardarki ta farko ta iso, ita na fara buɗewa saboda ɗoki. Na gama karanta labarin biro uku, sannan na buɗe ambulan ɗin hukuma na ga sunan makarantarku, da sunana a matsayin shugabar kwamiti.

Washegari na rubuta musu cewa ina da 'ya a makarantar, a cire ni. Wannan ba wuya, ko ba takardarki dole in janye. Kafin su amsa ba ni da ikon gaya wa kowa a makarantar cewa ina cikin kwamitin, shi ya sa na toshe miki baki, don kada ki ƙara min abin da zan ɗauka. Shekaranjiya suka amsa, sun sa wata a madadina.

Amma sun haɗo da fom ɗin janyewa, kuma a ƙasansa akwai tambaya ɗaya: ko akwai abin da ka sani game da wannan kwas da ya kamata kwamiti ya sani? Akwai layi uku na amsa. Ranar 12 ga wata zan mayar. Ba zan ba su takardarki ba, wannan ki sa a ranki, 'ya ce ta rubuto wa goggonta. Amma kuma hannuna ba zai rubuta babu ba. Shekara talatin ban sa hannu a kan abin da na san ƙarya ne ba, ba zan fara da ido ɗaya ba.

Na ce rabin takardun ofis na cika kabad ne, kuma har gobe ina faɗa. Littafin awoyi ba ya cikin wannan rabin. Idan hukuma ta ba ki lamba, cewa take yi ga matar da ta binne jaririnta jiya: shiga ɗakin nan ki rufe ƙofa, wadda ke ciki an duba aikinta. Matar ba ta da hanyar bincikawa. Mu ne idonta.

Kwamiti yakan zauna da ɗalibai, ba darakta a wurin. Abin da za ki faɗa a can naki ne, ba zan sa miki magana a baki ba. Tambaya ɗaya kawai zan yi miki, kuma ba ta hukuma ba ce. Wata huɗu kina ɗaukar kukan mutane kina kaiwa gida. Ke wa ya saurare ki? Kuma direban nan da ya daina zuwa, wa kika kai wa zancensa?

Goggonki

8 ga Afrilu

Goggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ban gaya wa Baba komai ba, kada jininsa ya hau. Yana nan yana sanar da duk wanda ya zo duba shi cewa 'yarsa ta zama likitar damuwa.

Zan yi magana, in na yi rashin kunya ki yafe. Darasin farko da aka koya mana, kuma yana cikin littafinki da jan layi biyu a ƙarƙashi, shi ne kafin mutum ya buɗe baki sai ka gaya masa iyakar sirri: wannan zai tsaya tsakaninmu, wannan kuwa in ka faɗa dole in kai gaba. Ana faɗa tun a zaman farko don mutum ya zaɓi abin da zai faɗa. Ke shekara guda kina cikin masu tantancewa, kin san ina makarantar da za a tantance, ina rubuto miki duk wata ina zuba kamar famfo, ba ki taɓa cewa uwata, ki san da wa kike magana ba. Da na sani da labarin guiwar Baba kawai za ki samu.

Kuma ba ni kaɗai ba ce. Mu goma sha tara ne. Akwai nas ɗin da take zuwa aji kai tsaye daga aiki da farin takalminta, tana gyangyaɗi tana rubutu. Akwai wani dattijo mai gadin kurkuku, saura shekara biyu ya yi ritaya, so yake ya koma wurin fursunonin da wani aiki ba sanda ba. Ba wanda ya sa wa Malama ciwo a cikinmu. Mun yi awoyinmu cif, mun zauna da mutane da gaske. In kika rubuta wani abu a layukan nan uku, su za ki kayar, darakta kuwa ya canza allon ƙofa ya buɗe wata.

Jiya ya tara mu gwaji. Ya zauna a matsayin kwamiti yana tambaya, muna amsawa. Sau nawa kuke ganin mai sa ido? Duk mako biyu. A ina? Lokacin rashin lafiyarta a gidanta. Ya ce ni zan fara magana tunda ni ce shugaba, kuma bakina ba ya rawa.

Kin tambayi direban. Ba wanda na kai wa. Wani yaro ya faɗo gaban bas ɗinsa da keke, yaron bai rayu ba, kotu ta ce ba laifinsa, amma ya kasa ƙara riƙe sitiyari. Zama biyar yana gaya min yadda yake jin ƙarar a kunnensa. Ni kuma tausayi ya cika ni, ga iyalinsa ba abinci, ga shi kullum magana ɗaya, na ƙosa in ga ya warke. A zama na shida na ce masa ƙaddara ce, ya daure ya koma aiki ko na kwana ɗaya, zai ga tsoron ya tafi. Ya dube ni ya ce, haka kowa yake cewa, Malama. Ya yi godiya, ya gyara kujerar da ya zauna, bai ƙara dawowa ba. Na kai zancen zaman ɗalibai, suka ce ai ƙila ya warke ne. Na karɓa don ina son in karɓa.

Na san Malama Sannu da tun zama na uku za ta tsayar da ni. Na sani. Amma wannan bai ba ki damar rusa min aiki ba.

'Yarki

14 ga Afrilu

Uwata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Likita ya ce idon ya kama, in daina baƙin gilashi, na ce sai na ga dama, ya fara yi min kyau.

Kin yi gaskiya, kuma ba rashin kunya ba ce. Ya kamata in gaya miki tun ranar da aka sa ni. Na ɓoye ne don na san Yaya, kafin la'asar duk layinku sun ji ƙanwarsa ce take raba lasisi, a fara kawo min 'ya'yan abokai. Na guji surutu na jefa ki a rami. Ni da nake kayar da ɗalibai a jarrabawa saboda sun manta faɗin iyakar sirri, ni na manta da ita a kan 'yata. Wannan laifina ne, ki yafe min.

Na mayar da fom ɗin shekaranjiya. Ga abin da na rubuta, harafi da harafi, don kada ki ji a wani wuri: Akwai abin da ya zo min ta hanyar zumunci kafin in san an sa ni a kwamitin. Ba ni da izinin mai maganar, don haka ba zan bayyana ba. Iyakar abin ke nan. Ban ambaci littafi ba, ban ambaci Malama ba. Na san zai sa su buɗe ido fiye da yadda suka saba, ba zan yi miki ƙaryar cewa ba zai sa ba. Na nemi abin da ya fi wannan sauƙi a kanki wanda ba ƙarya ba ne, ban samu ba.

Maganar direba. Kada ki je nemansa tasha, kada ki kira shi da wayarki. Kuskuren da kika yi kowa ya yi shi, ni ma na yi wa wata mata irinsa a shekarata ta farko, sai dai ni da aka kwana biyu akwai wadda ta zaunar da ni ta nuna min. Akwai yadda ake rubuta wa mutum daga cibiya a bar masa ƙofa a buɗe, amma ba ni zan koya miki ba, goggo ba ta zama mai sa idon 'yarta. Ki riƙe shi a ranki har ki sami wanda ya dace.

Ranar 22 ki ci abinci kafin ki fita. Ko me kika faɗa a ɗakin nan, gidana gidanki ne.

Goggonki

20 ga Mayu

Goggo,

Assalamu alaikum. Na ga kiranki sau bakwai, ban ɗauka ba, ba don ba na lafiya ba. Baba ma lafiya, an canza masa maganin guiwa, yana takawa har bakin titi.

Sun zo su uku, mata biyu da namiji ɗaya. Darakta ya sa an yi fenti, ya roƙi mai tayoyi ya kashe injinsa na yini guda. Da safe suka duba ɗakin karatu da takardun malamai, bayan azahar suka kira mu, suka rufe ƙofa. Littattafan awoyinmu suna jere a kan tebur. Wadda ta maye gurbinki 'yar siririya ce, ba ta ɗaga murya. Ta tambayi sau nawa muke ganin mai sa ido, na ce duk mako biyu, kamar yadda aka koya min, bakina bai yi rawa ba. Ta ce madalla. Ta jawo littafina ta buɗe wajen Disamba, ta sa yatsa a kan wani sa hannu, ta ce, wannan zaman, wa kika kawo wa malamarki, kuma me ta ce miki? Ba suna, labarin aikin kawai.

Darakta bai yi mana gwajin wannan ba. Kwanan watan da ta nuna kwana biyu ne bayan zuwan direban na ƙarshe. Da zan iya ƙirƙiro wata mata mai rigima da miji in wuce, na iya tsara magana, kin sani. Amma sai in sa wa Malama magana a baki, in ce ta duba aikina ta ce ya yi, a makon da na kori mutum da bakina. Sai na ji kaina ina cewa ba a yi wannan zaman ba, ba a yi ko ɗaya ba daga Oktoba zuwa Fabrairu. Nas ɗin da ke gefena ta taka min ƙafa har sai da farcena ya fashe. Dattijon kurkuku ya sunkuyar da kai, can ya ce, gaskiya ne, haka aka yi. Matar ta ci gaba da rubutu.

Sakamako ya fito makon jiya. Ba su soke kwas ɗin ba. Sun ba shi shekara ɗaya bisa sharaɗi, a kawo masu sa ido biyu masu rajista, kuma a ɗauke littafin awoyi daga hannun darakta. Mu kuwa awa sittin da huɗun da muka yi ba mai sa ido ba za a lissafa su ba, sai mun sake. In komai ya tafi daidai, Disamba za mu sami lamba.

An cire ni daga shugabar aji, ba a ma tsaya ƙuri'a ba. Mutum huɗu ne suke amsa gaisuwata. Nas ɗin ta ce min a kan matakala, ke kina da goggo a sama, mu wa muke da shi? Ban san inda ta ji ba. Malama Sannu ta aiko a kira ni. Na je ina tsoro, sai ta riƙe hannuna da hagunta, maganarta ba ta fita sosai, ta ce tun ranar ba ta sami sukuni ba, an zo mata tana jin kunyar wata huɗun da ta bar mu, ta kasa cewa a'a. Ni kuwa a ranar dariya nake yi.

An kawo sabon mai sa ido, wani mai furfura da ba ya murmushi. Zaman farko ya ce wa kika kawo, na ce wani direba. Minti arba'in ina magana bai katse ni ba, na jiƙa masa hankici. Mun rubuta wa direban takarda daga cibiya, layi huɗu. Har yau bai amsa ba, kuma an ce min in shirya wa cewa ba lalle ya amsa ba.

Na je asibitin da kaina na gaya musu. Shugabar ta saurare ni da kyau, ta ce ta ji daɗin gaskiyata, amma matan ba za su jira Disamba ba. Sun ɗauki wata, ranar Litinin za ta fara. Na koma firamare in janye takardata, hedimasta ya ce an riga an turo wanda zai karɓi ajina. Ƙarshen wata ba ni da aiki ko ɗaya.

Ban san ko fom ɗinki ne ya sa matar ta buɗe Disamba ba, ko haka take yi wa kowa. Kada ki gaya min, ba na son sani. Ba ke kika buɗe bakina ba, ni na buɗe, kuma in aka mayar da ni ɗakin ina jin haka zan sake yi. Duk da haka ina jin haushinki, Goggo, kuma ban san ranar da zai wuce ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Baba bai sani ba. Jiya ya sa an kira tela ya auna ni, wai farar riga zai ɗinka min ta fara aiki, na tsaya aka auna ni. Na gaya wa kwamiti, na gaya wa asibiti, shi na kasa. Ki zo ki zauna kusa da ni in gaya masa. Motar safe tana isowa kafin azahar, zan jira ki a tasha ranar Asabar.

'Yarki